Yadda Ake Zaɓen Rigar Mama Daidai Da Jiki

Mata da yawa a unguwannin Hausawa na Fatakwal, Anaca da Inugu sukan aika a sayo musu rigar mama da ka, saboda kunya. Masu ƙaramin mama su suka fi yin asara, domin rigar takan zo musu holoƙo, igiya tana zamewa daga kafaɗa.

Maganin wannan shi ne awo. A ɗauki tef na tela, a auna kewayen ƙirji daga ƙarƙashin mama. Wannan shi ke ba da lambar riga. Sa'an nan a sake aunawa ta kan maman. In bambancin inci 1 ne, harafin A ke nan. In bai kai ba, AA. Inci 2 kuwa B. Lamba 32 ta Ingila ita ce 70 ta Jamus, 34 kuma 75. A rubuta wa ɗan aike lamba da harafi kafin ya tafi kasuwar Ogbete ko Babbar Kasuwar Anaca.

Rigar gwanjo a wanke ta da sabulu, a shanya a rana.

A sani fa, ƙanƙantar mama ba cuta ba ce, ba ta kuma hana ruwan nono. Kada a zubar da kuɗi wajen masu tallan maganin ƙara girma.