Tsari da Hurumin Kotun Tarayya ta Yankin Kudancin New York

Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi ɗaya daga cikin kotunan tarayya 94 da ke sauraren shari'a a matakin farko a Amurka. Dalilin nazarin shi ne matsalar fassara: idan aka kira ta "kotun gunduma", mai karatu Bahaushe zai ɗauka ƙaramar kotu ce irin ta yanki, alhali kuwa a gabanta ake gurfanar da manyan bankuna da masu zambar hannayen jari.

Tsarin Kotun

Dokar Shari'a ta 1789 ce ta kafa kotu guda ga jihar New York baki ɗaya, inda James Duane ya zama alƙalinta na farko. A 1814 aka raba ta biyu, arewa da kudu, sannan a 1865 aka yanki yankin gabas. A yau kudancin ya ƙunshi gundumomi takwas, ciki har da Manhattan da Bronx da Westchester, yana da kujerun alƙalai 28. Shugaban ƙasa ne ke gabatar da sunan alƙali, Majalisar Dattawa ta tabbatar da shi, kuma ba shi da wa'adi sai ya ajiye aiki, ko ya rasu, ko a tsige shi. Ƙananan alƙalai masu wa'adin shekara takwas ne ke taimakawa da sharar fage. Ɗaukaka ƙara kuwa sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shiyya ta Biyu.

Hurumi

A nan gizo ke saƙa. Hurumin kotun ƙayyadadde ne, ba ta taɓa ƙara sai doka ta ba ta izini. Ƙofa ta farko ita ce ƙarar da ta taso daga tsarin mulki ko dokokin tarayya ko yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa. Ta biyu ita ce taƙaddama tsakanin 'yan jihohi daban-daban, muddin abin da ake jayayya a kai ya haura dala 75,000. Tun a 1806 Kotun Ƙoli ta tsaurara wannan sharaɗi: idan mai ƙara ko da guda ya haɗa jiha da wanda ake ƙara, ƙofar ta rufe. Kamfani kuma ɗan jiha biyu ne, inda aka yi masa rajista da inda hedikwatarsa take.

Yardar ɓangarorin biyu ba ta haifar da hurumi. A shari'ar Mottley ta 1908, Kotun Ƙoli da kanta ta taso da batun, ta rushe hukuncin da aka riga aka yanke, ko da yake babu wanda ya yi ƙorafi a kai.

Kwatanta ta da Babbar Kotun Tarayya ta Nijeriya na buƙatar hattara, domin waccan kotu ɗaya ce mai rassa a jihohi, wannan kuwa kotu ce mai zaman kanta da babban alƙalinta. Saboda haka "kotun tarayya ta yanki" ta fi dacewa da ita.