Yaron da ke koyon kwana-kwana ba ɗan kwana-kwana ba ne

Dare ya yi nisa mahaifin wani yaro ya kira ni. "Malam, ɗanka ya dawo daga wajen gobara kansa na sarawa, har ya yi amai. Uwarsa ta ba shi farasitamol, mun maƙala masa abin awon nan a yatsa ya nuna 98. In bar shi ya kwanta?" Na ce kada ya kuskura, ya kira 911 yanzu, ya gaya musu yaron ya shaƙi hayaƙi.

Shekarunsa 16. Yana cikin shirin Exploring a wata tashar 'yan sa-kai da ke maƙwabtaka da tamu a nan jihar Pennsylvania, shirin da ke ɗaukar matasa daga shekara 14 zuwa 20. Da yammacin ranar garejin wani gida ya kama da wuta. Aikin yara a irin wannan wuri sananne ne: naɗe mesa, sauya tukwanen iska, miƙa ruwan sha a wajen hutawa, duk a bayan layi. Bayan an ci ƙarfin wutar sai hannu ya yi ƙaranci, wani tsohon ma'aikaci ya yafito shi, ya miƙa masa ƙugiya, ya ce ya shigo su ɓare silin. Ba tukunya a bayansa, ba komai a fuskarsa. Yaro kuwa abin nema ya samu, ya shiga da murnarsa.

Lokacin tonon garwashi shi ne yake yaudarar ko mu manya. Harshen wuta ya kwanta, kowa ya gaji, ana ta cire abin rufe fuska, alhali soso da roba da tayoyi suna ci a hankali suna fitar da kabon monoksaid da sayanayid. Kabon monoksaid ba shi da wari, kuma yana kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 da ɗoriya. Abin awon yatsa na gida ba ya bambance su, shi ya sa zai nuna maka 98 a jikin wanda guba ta cika. A asibiti sai da aka ɗebi jininsa kafin gaskiya ta fito. Ya kwana da oksijin a hanci, Allah ya taƙaita.

Da na samu tsohon nan, amsar da ya ba ni ita ce, "Mu ma a haka muka koya." Haka ne, kuma a haka muke ta zuwa gaisuwar mutuwar sa'anninsa da cutar kansa ta cinye. A 2022 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aikin kashe gobara a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa kansa. Wannan a kan manya masu cikakken kaya ke nan, ina ga yaro mai huhu ɗanye?

Na san matsin da tashoshi ke ciki. A 1984 'yan kwana-kwana na sa-kai a Amurka sun kusa 898,000, zuwa 2020 sun dawo 676,900, kira kuwa sai ƙaruwa yake. Da rana tsaka kowa na wajen aikinsa, mutum uku za su fita da mota. To ko mutum ɗaya ne ya fita, ba a cike gurbi da yaro.

Yaro ba ya shiga ginin da ya ci wuta, ko tana ci ko ta mutu. Ba ya hawa rufi. Ba ya tuƙa mota. Wanda ya dawo daga hayaƙi da ciwon kai, asibiti, ba gado ba.

Iyaye kuma, ku ma da naku. Mahaifin nan ya sa hannu a takardar izini bai karanta layi ɗaya ba. Tun kafin ciwon ya taso ya riga ya ɗora hoton yaron a Facebook, fuska baƙi ƙirin da toka, 'yan'uwa na gida suna ta "jarumi, jarumi". Ni da na ga hoton gabana ne ya faɗi, don tokar da ke gefen hanci shaida ce cewa ya shaƙa. Kayan aikin ma a ɗakin kwanan yaron na tarar da su, rataye kusa da gadon ƙaninsa. Ba a kai kayan gobara gida, ba a wanke su a injin da ake wanke rigar jariri. Na duba tambarin cikin kwat ɗin, ya haura shekara 10 da ƙerawa, wato a ƙa'idar NFPA, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin kashe gobara, tuni ya kamata a jingine shi. Tsofaffin kaya su ake tura wa yara, kuma ba wanda ke tambaya.

Ku je tashar da ƙafarku, ku ga wanda aka damƙa wa 'ya'yanku, ku tambaya ko manya biyu ne ke tare da su kowane lokaci. Kada abin awon yatsa ya ruɗe ku, na sake faɗa.