Na'urar Rikita Bindigar Auna Gudu: Shin Tana Aiki Kuwa?

Akwai bidiyoyin da ke yawo a TikTok da YouTube, inda za ka ga an jera ƙananan ƙwayayen fitila irin na rimot a gaban mota, wai don su makantar da bindigar auna gudu ta jami'an hanya. Matasan da ke jigilar tumatir da shinkafa daga Kadawa, Kura da Bunkure zuwa cikin Kano su ne irin wannan ya fi ɗaukar wa hankali, saboda tumatir ba ya jiran kowa. Kafin ka ɓarnatar da kuɗinka, bari mu ga yadda bindigar take aiki.

Iri biyu ce. Ta radar tana aika igiyar rediyo, ta gane gudun mota daga yadda igiyar ta sauya bayan ta dawo. Wannan ba ruwanta da haske kwata-kwata, ko fitila ɗari ka kunna mata a banza.

Ta leza kuwa haske take harbawa wanda ido ba ya gani, ɗan ƙyaftawa bayan ɗan ƙyaftawa, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Haske na tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka idan mota tana nisan mita 300, zuwa da dawowarsa kashi biyu ne cikin miliyan na daƙiƙa. Bindigar tana lissafa yadda nisan ke raguwa, kafin daƙiƙa ta cika ta fitar da gudunka. Tana da nata lokacin da take sauraron dawowar hasken, sauran hasken da bai dace da lissafinta ba sai ta tace shi, kamar yadda take tace hasken rana. Ƙwan rimot da aka yi don talabijin ɗin falo ina shi ina wannan? Wasu bindigogin ma, da sun ji ana musu katsalandan sai su nuna wa jami'in a allo. Ka ga ka tona wa kanka asiri.

Masu cewa a ƙara ƙarfin hasken su ne suka fi ba ni tsoro. Hasken da ido ba ya gani ba ya sa ka runtse ido, yana iya lahanta ganinka, ko na ɗan acaɓan da ke tahowa, ba tare da an ankara ba. Ga kuma shari'a: a 2018 wata kotu a Ingila ta ɗaure wani direba wata takwas kan amfani da irin wannan na'ura. A nan gida, tun Fabrairun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu.

Mu yi lissafi. Tafiyar kilomita 30 a gudun 100, wanda shi ne iyakar ƙananan motocin gida a babban titi irin na Kano zuwa Zariya, minti 18 ce. A gudun 130, kusan minti 14. Ribar minti huɗu ke nan, amma nisan da birki zai ja kafin mota ta tsaya ya ƙaru da kusan kashi 70 cikin ɗari, a hanyar da ake tsallakawa da kwandunan tumatir a Kwanar Gafan.

Wayarka za ta iya nuna maka gudunka, musamman idan allurar motar ta mutu. A Android, buɗe Google Maps, taɓa hotonka a sama, shiga Settings, sai Navigation, ka kunna Speedometer. Ka maƙala wayar a mariƙinta kafin ka tada mota, kada ka riƙe ta a hannu.