Yadda Ake Gano Matsalar Fitilar Birki a Tsohuwar Akori-kura

Hanyar wutar fitilar birki a tsohuwar akori-kura, irin Peugeot 504 da kamfanin Peugeot na Kaduna ya riƙa haɗawa bayan buɗe shi a 1975, gajeriya ce kuma ba ta da rassa. Wuta kan tashi daga batir mai volt 12, ta ratsa fis, ta isa makunnin da ke wajen abin taka birki, ta bi waya a ƙarƙashin mota har zuwa danja, sannan ta koma batir ta ƙarfen jikin motar. Wannan komawar ita masu wayarin ke kira atin. Ba kwamfuta a tsakani, shi ya sa tsofaffin masu sana'ar ba sa buƙatar abin da ya wuce ƙwan gwaji mai waya biyu, da sukudireba, da yaron da zai taka birki.

Aikin yakan fara ne da kallo. In fitilun biyu sun mutu tare, zargi na kan fis ko makunni. In ɗaya ce, matsalar tana can baya. Fis da ya ƙone a canza shi da mai ƙarfi irin nasa. In sabon ya sake ƙonewa, to wata waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe. Direbobin kasuwar ƙauye kan ɗaure gurbin da zaren waya don kada tafiya ta tsaya, kuma daga nan ne gobarar mota kan samo asali. Gwajin makunni ba wuya: a zare wayoyinsa biyu a haɗa su. In danja ta kama, makunnin ne ya mutu ko ya goce daga saitinsa.

Ƙwan baya zare biyu gare shi: mai wat 21 na birki, mai wat 5 na danjar dare. Ƙusoshin gindinsa biyu ba su daidaita da juna ba, don kada a sa shi a juye, amma mai ƙarfin hannu kan tura shi dole, sai danjar dare ta yi hasken birki, birki kuma ya dushe.

Inda gwani kan bambanta da ɗan koyo shi ne atin. A yawancin tsofaffin motoci gidan fitilar yana samun atin ne ta ƙusoshin da suka riƙe shi a bodi, wurin da ruwan damina da laka da gishirin takin da aka yi dako suke taruwa. In tsatsa ta cinye wurin, wutar ba ta tsayawa, sai ta nemi wata hanyar komawa. Takan bi ta ƙaramin zaren ƙwan, ta shiga wayar danjar dare, ta ɓulle ta wasu fitilu. Alamominta suna da ban mamaki: a taka birki, ƙananan fitilun gaba su yi ja-ja, ko kuma birki ya kama dishi-dishi da rana, amma da an kunna fitilun dare ya ɗauke gaba ɗaya. Ɗan koyo yakan canza ƙwai har uku a nan, ya ce motar ce ke da aljanu. Gwani kuwa yakan ɗauki guntun waya, ya manna baki ɗaya a gindin ƙwan, ɗaya a ƙarfen shasi da ya kankare har ya yi fari. In haske ya dawo tangararan, magana ta ƙare. Sai a kwance ƙusoshin, a goge wurin da samfefa, a ja sabuwar wayar atin zuwa shasi, a shafa giris don hana tsatsa dawowa.

In atin lafiya yake, sai a bi wayar da ƙwan gwaji daga baya zuwa gaba, yaro na danne da birki. Tsakanin inda ƙwan ya ƙi kamawa da inda ya kama, nan ta yanke, galibi a wani tsohon ƙulli da aka naɗe da salatif.

Ba a sallamar mota sai an gwada birki sau biyu: fitilun dare a kashe, sannan a kunne.