Darasi Kan Ƙazafi Da Aikin 'Yan Jarida

Ya kai ɗan'uwa saurayi, ka sani cewa babu zargin da ke tunzura mutane kamar a ce wani ya lalata ƙaramin yaro. Da an ji haka sai zuciya ta tafasa, hankali ya gushe. To, a nan ne ake zaluntar wanda bai ji ba bai gani ba. Ga misali daga ƙasar Amurka.

A shekarar 1983, a garin Manhattan Beach na jihar Kalifoniya, wata mata ta kai ƙarar wani malami mai suna Ray Buckey, na makarantar renon yara ta McMartin, wai ya lalata ɗanta. Daga baya aka gane tana da taɓin hankali. Amma kafin nan 'yan sanda sun riga sun aika wa iyaye wajen 200 takarda, suka ce kowa ya tambayi ɗansa. Aka tara yara ɗaruruwa ana yi musu tambaya mai sa baki, wanda ya ce ba a yi masa kome ba sai a matsa masa har ya ce an yi. Yara suka shiga ba da labarin mayu masu tashi sama da ramuka a ƙarƙashin makaranta. Masu binciken hukuma suka haƙa, ba su ga rami ba.

A 1984 gidan talabijin ya fasa labarin, jaridu suka ɗauka suna yaɗawa kamar an riga an yanke hukunci. Aka tuhumi mutum 7, har da mahaifiyar Ray da kakarsa. A 1986 aka janye tuhumar 5 saboda raunin hujja. Shari'a ta ƙare a 1990 ba a kama ko mutum ɗaya da laifi ba, bayan an kashe wajen dala miliyan 15. Ray ya yi shekara 5 a tsare. A 2005 ɗaya daga yaran, bayan ya girma, ya fito ya ce ƙarya ya yi don ya faranta wa manya rai. Wa zai mayar wa mutanen nan mutuncinsu?

Ka lura, ɗan'uwa, su can talakawan gari ake zaɓowa su saurari shari'a su ce an yi laifi ko ba a yi ba. Idan gari duka ya sha labari safe da yamma, ina za a sami mai zuciya fara?

Shi ya sa Allah Ya umarce mu da bincike kafin karɓar labari, a Suratul Hujurat aya ta 6, Ya kuma ajiye wa mai ƙazafi bulala 80 a Suratun Nur. Nana A'isha ma ba ta tsira daga bakin mutane ba sai da Allah Ya wanke ta.

Kada ka ɗauka ana cewa a rufe asirin azzalumi. Ana lalata yara da gaske, kuma yin shiru a kai zunubi ne. Idan yaro ya yi ƙorafi, ka saurare shi, kada ka sa masa magana a baki, ka kai shi asibiti, ka kai magana ga hukuma. Amma abin da ka ji a rediyo ko ka gani a waya, kada ka yaɗa, kada ka shiga taron duka. Hukunci na alƙali ne, bisa hujja.

Allah Ya tsare harsunanmu, Ya kare 'ya'yanmu. Amin.