Kafin a yi wa kundinka bango, bi sawun kowane "duba jadawali na 6"

Idan lokacin miƙa kundin kammala karatu ya zo, shagunan kwamfuta na Makarfi kan cika da ɗaliban Kwalejin Shehu Idris, wasu daga Ikara, wasu daga Kudan da Hunƙuyi, kowa da filashinsa a hannu. Hankalin kowa yana kan kuskuren rubutu da kuɗin bugu. Ba kasafai ake tuna wuraren da kundin ke tura mai karatu wani shafi ba.

Ga yadda abin ke faruwa. Malamin da ke duba aikinka ya ce ka cire wani jadawali a babi na huɗu. Ka cire, na 6 ya koma na 5, amma can a babi na biyar jimlarka tana nan tana cewa a duba jadawali na 6. Idan da hannu ka buga lambar, kwamfuta ba za ta ce maka uffan ba, sai ranar kare aikin mai jarrabawa ya buɗe ya tarar da wani abu daban. A ganina wannan shirun ya fi kowane saƙon kuskure haɗari.

Saboda haka ka bar Word ta riƙe maka lambobin. A sashen References, yi wa kowane jadawali da hoto suna da Insert Caption, in za ka ambace shi a cikin rubutu ka bi ta Cross-reference. Bayan kowane gyara, danna Ctrl da A, sannan F9. Lambobin za su daidaita kansu, wanda kuma aka goge tushensa zai fito ɓaro-ɓaro da "Error! Reference source not found." A jerin abubuwan da ke ciki kuwa "Error! Bookmark not defined." za ka gani. Nemi kalmar Error da Ctrl da F har ta ƙare. Bayanan ƙasan shafi sai ka shiga cikinsu ka maimaita, don zaɓen farko ba ya taɓa su.

Kada ka yarda da allo kawai. Word na iya sabunta lambobin daidai lokacin bugu, shi ya sa wani kan ga kuskure a takarda alhali bai gan shi a kwamfuta ba. Mayar da aikin PDF, ka duba shi, shi za ka miƙa wa mai shago.

Masu rubuta manhaja sun fi mu tsanani a nan. Manhajar tsara rubutu ta LaTeX kan sa alamar tambaya biyu a gurbin lambar da ta ɓace. Sphinx, da aka fitar a 2008 don littafin bayanin Python, yana da zaɓin -n mai yin gargaɗi kan duk ambaton da bai samu inda ya nufa ba, da -W mai ɗaukar gargaɗin a matsayin kuskure, har aikin ya ƙi wucewa. Ka ari wannan ɗabi'ar: muddin akwai Error ko guda, ba bugu, ba bango.

Wanda ya riga ya buga lambobinsa da hannu, kuma saura kwana biyu, ya nemi Table, Figure da Appendix ɗaya bayan ɗaya, wani abokinsa na riƙe da jerin jadawalan yana karanto masa lamba da suna.