YARON DA JIKINSA YA ƘI NONON SHANU: YADDA LIKITOCIN YARA SUKE BINCIKE

A unguwar Sauka Kahuta ta birnin Minna, kamar sauran unguwannin ƙasar nan, fura da nono da kindirmo da madarar gwangwani ba sa yankewa a gidaje. Ga yawancin yara wannan abinci ne mai amfani. Amma akwai jarirai 'yan kaɗan waɗanda garkuwar jikinsu takan ɗauki furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nonon shanu, tamkar abokin gaba, ta shiga yaƙarsa. Larurar ta fi bayyana ne a shekarar farko ta rayuwar yaro.

Alamomin larurar

Alamomin iri biyu ne. Na farko sukan bayyana cikin 'yan mintoci zuwa awa 2 bayan yaro ya sha madara: borin jini, kumburin leɓe ko fuska, amai, ko numfashi mai ƙara. Idan numfashi ya yi wuya ko jikin yaro ya saki, wajibi ne a garzaya da shi Babban Asibitin Minna ko asibiti mafi kusa, domin allurar adirenalin ce take ceton rai a irin wannan hali.

Na biyu sukan jinkirta, daga awoyi har zuwa kwana 2 ko 3: gudawa, ɗigon jini a bayan gida, ƙuraje masu ƙaiƙayi, da rashin ƙaruwar nauyi. Waɗannan suna kama da na atini da wasu cututtuka, shi ya sa ba a yanke hukunci a gida.

Yadda likita yake bincike

1. Tambaya. Likita zai so ya ji abin da yaro ya sha, da lokacin da alamun suka fara, da ko akwai mai asma ko borin jini a dangi. Zai kuma duba katin awon yaron.

2. Janyewa. Zai ba da umurni a janye duk abin da aka yi da nonon shanu har mako 2 zuwa 4.

3. Mayarwa. Idan yaro ya sami sauƙi, sai a sake ba shi kaɗan. Komowar alamun ita ce take tabbatar da larurar. Ga yaron da ya taɓa kumbura ko shaƙewa, likita kan yi gwajin fata ko na jini, kuma a asibiti kaɗai ake yin mayarwar.

Likita yakan bambanta wannan larura da ta kasa narkar da sukarin madara, wadda takan biyo bayan gudawa mai tsanani, ta wuce cikin 'yan makonni.

Abincin yaro

Nonon uwa shi ne gatan jariri. A shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da shi zalla har wata 6. Kada a yaye yaro saboda wannan larura. Idan likita ya ga furotin yana isa ga yaro ta nonon uwa, uwar ce za ta dakata da shan nono da madara, a ba ta ƙwayar kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi.

Tafasa madara ko barinta ta zama kindirmo ba ya kawar da furotin ɗin. Cuku da man shanu ma suna ɗauke da shi. Nonon akuya da na tunkiya ba mafita ba ne, domin furotin ɗinsu kusan ɗaya ne da na saniya. Jaririn da ba ya samun nonon uwa, likita zai rubuta masa madara ta musamman wadda aka farfasa furotin ɗinta. Madarar waken suya kuwa sai bayan wata 6, bisa shawarar likita. Koko ko kunu zalla ba ya maye gurbin madara, ƙarshensa tamowa.

Kira ga iyaye

Yawancin waɗannan yara sukan rabu da larurar kafin su kai shekara 5, saboda haka likita yakan sake gwadawa bayan kowane wata 6 zuwa 12. Abin da ake bukata daga iyaye shi ne su lura da abin da yaro ya ci, su karanta rubutun jikin gwangwani, su sanar da kakanni da masu reno, su kuma kai shi awo a kan kari.